Mun Buɗe Wa Ruwa Hanya Ba Mu Tambayi Inda Zai Je Ba

Shekarun baya na jagoranci wani aikin gayya na sare kacalla da yashe rafin ƙauyenmu, a fadamar da ke gabas da Haɗeja. Don Allah muka yi shi, babu wanda ya biya mu ko sisi, kuma jama'a sun yi ta sa mana albarka. Kafin daminar shekarar ta fita, aikin nan ya zama sanadin da ruwa ya cinye shinkafar mutanen ƙauyen da ke ƙasa da namu. Ni na tsara aikin, ni aka ba shawara na ƙi ji, ni ne kuma na daɗe ina ɗora laifin a wani wuri. A yanzu ƙungiyoyin matasa masu fita gyaran rafuka da magudanai sun yawaita, abin kuwa yana faranta mini rai ƙwarai. Shi ya sa nake ganin wajibi ne in ba da labarin yadda ya faru, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Sai an san halin ruwanmu kafin a gane yadda ɓarnar ta auku. Kogin Haɗeja ruwan Kogin Kano ne da na Calawa, waɗanda ke haɗuwa kafin Wudil su gangaro gabas. Da ya iso ƙasar Haɗeja sai ƙasa ta shimfiɗe, gangara ta ragu, kogin ya rarrabu. Akwai Kogin Kafin Hausa da ke ɓallewa tun daga sama, akwai tsohon kogin Haɗeja, akwai Burum Gana, akwai Marma da ke kai ruwa tafkin Nguru, ban da ƙananan rassa da kowane ƙauye ya san nasa. Can wajen Gashuwa ruwan Haɗeja ke saduwa da na Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Filato, su zama Kogin Yobe. Shi kuma ya bi ta Gaidam da Damasak, ya raba Najeriya da Nijar a yankin Difa, ya zube a Tafkin Cadi. Bahaushe da Babade da Bamange da Bafulatani duk a kan wannan ruwa guda suke rayuwa.

Kakanninmu sun san kogin da lokaci biyu. A watannin Agusta da Satumba ya cika ya malala cikin fadama, shinkafa ta sha, kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa. In ya janye a shuka wake da sauran kayan raɓa a danshin da ya bari, makiyaya su shigo da shanu. Da rani kuma wurare da yawa su bushe har a taka yashi a ƙetare. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Calawa a 1992, sai wannan tsari ya sauya. Madatsun sun yi amfani babba: birnin Kano na sha daga gare su, noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da su ya dogara. Amma babbar cikar da ke wanke hanyoyin ruwa duk shekara ta ragu, sannan ruwan da ake saki da rani ya sa rafukan da suka saba bushewa suka daina bushewa. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa, shi ne abin da kacalla ke nema.

Wanda bai taɓa shiga cikinta ba ba zai gane irin ƙarfinta ba. Tana tashi ta fi tsawon mutum nesa, ta yi cunkus har kwalekwale ba ya ratsawa. Saiwarta na tafiya a ƙarƙashin laka tana fitar da sababbin tsirrai, kanta kuma na fitar da iri mai laushi da iska ke ɗauka ta kai ko'ina. In ta kafu a rafi sai ta rage gudun ruwa, laka da yashi su kwanta, ƙasan rafin ya taso, ita kuma ta ƙara samun wurin zama. Rafin da ya toshe ba ya hana ruwa zuwa, sai dai ruwan ya nemi wata hanya. Dalilin da ya sa ke nan a fadama guda za ka ji mutanen da ke bakin Marma da Nguru na kukan ruwa ya mamaye gonaki da hanyoyi, na bakin tsohon kogi da Burum Gana kuma na kukan ruwa ya daina iso musu. Ga jan-baki da ke sheƙa a cikinta su fito su cinye gero da dawa da shinkafa, ga sauro, ga katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, ga masunta da suka rasa inda za su jefa taru. Tafkin Nguru da Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, saboda tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da albarkar da ke wurin. Duk da wannan martaba, kacalla ce ta mamaye babban ɓangarensu.

Rafinmu ƙaramin reshe ne. Bakinsa, inda yake ɓallewa daga babban ruwa, ya cike da laka, cikinsa kuma kacalla ta rufe. Gonakin da iyayenmu suka noma shinkafa sun koma fako, samari suna ta tafiya cirani. Ina koyarwa a birni a lokacin, kuma ni ne shugaban ƙungiyar 'yan bokon garinmu. Muka tattauna a zaurenmu na WhatsApp, aka yi karo-karo, aka sayi adduna da lauje da shebur da manjagara. Na sa ranar aiki a hutun makaranta na tsakiyar bazara, domin a lokacin ne ni da yawancin 'yan ƙungiya muke iya zuwa gida, kuma ruwa ya ja baya har ana iya tsayawa a cikinsa. Hutuna ne ya zaɓa mana lokaci. Ban tsaya na tambayi ko lokacin ya dace da rafin ba.

Ana jibi za a fara, sarkin ruwan garinmu ya aiko a kira ni. Dattijo ne sa'an mahaifina, a kan ruwa ya yi furfura. Na durƙusa na gaishe shi, ya sa mini albarka a kan niyyar da muka yi, sannan ya ce yana da magana uku.

Ya ce, "Malam, ta farko, kada ku sare ta a saman ruwa. Ta kara da ganye take shan iska. In kun bar mata kututture a waje, kafin ruwa ya zo ta tashi. A ƙarƙashin ruwa ake yanke ta, in ta leƙo a sake yankewa, har ta gaji. Ta biyu, abin da kuka sare kada ku bar shi a gaɓa, ku ja shi can tudu. Ta uku ita ce babba. Ba daga baki ake fara gyaran rafi ba, daga wutsiya ake farawa a yo sama. Ruwa baƙo ne, kafin ka buɗe masa ƙofa ka san inda zai kwana. Ku je ku sami bulaman mutanen ƙasa tukuna."

Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri, mun ji. Sai dai lokaci ya ƙure mana, yaran nan da hutu ya ƙare za su koma. Bari mu yi abin da ya sawwaƙa bana, baɗi in Allah ya kai mu a ƙarasa."

Bai sake cewa komai ba sai "Allah ya taimaka." Abin da na faɗa masa ke nan, amma akwai abin da na ɓoye a zuciya. Na san danginsa na kafa dumba a kusa da bakin rafin, sai na raya cewa kifinsa yake karewa, shi ya sa ba ya so a taɓa wurin. Na kuma raya cewa in muka je wa mutanen ƙasa da maganar, za a shiga zaman shawara da ba ya ƙarewa, a ce sai dagaci ya ji, sai hakimi ya sani, hutu ya ƙare ba a sare ko kara ɗaya ba. Ban da wannan, waɗanda suka ba da kuɗi daga Kano da Abuja suna jiran su ga hoto, kuma wurin da ya fi fitowa a hoto shi ne bakin rafi, inda ruwa zai ɓarke ya shigo kowa na gani. Mummunan zato da gaggawa da son a gani, su uku suka haɗu suka toshe mini kunne.

Ba zan rage wa waɗanda suka yi aikin komai ba. Sun sha wuya. Ganyen kacalla na da kaifi, ya yayyanka musu hannu da ƙwauri, matsattsaku sun sha jininsu, rana ta gasa su. Mata suka riƙa kawo kunu da fura da ɗanwake daga gidajensu, mai ganga ya zo da kansa ba a gayyace shi ba. Muka sare kacallar a tsaye, daidai gwiwa, muka tara ta tuli-tuli a gaɓa. Inda ya bushe muka cinna wuta. Daga nan muka koma bakin rafi da shebur muka yashe shi, muka faɗaɗa shi fiye da yadda dattawa suka san shi. Da muka kai iyakar gonakin garinmu muka tsaya, domin a ganinmu nan namu ya ƙare. Na koma birni ina jin na yi wa mahaifata abin da za a tuna.

Tun kafin ruwan sama ya kankama aka aiko mini cewa kacallar ta tofo. Inda muka ƙona ma ta fi kyau, domin wuta ba ta kai ga saiwar da ke cikin laka ba, sai ma ta share mata fili ta bar mata toka. Daga baya na karanta abin da masana tsirrai suka tabbatar, na tarar da maganar sarkin ruwa ce: ganyen kacalla da kararenta na da ramuka a ciki da ke kai iska ga saiwa, ko busasshen kara ne in dai kansa na waje yana yin wannan aiki. In aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen, saiwar ke shaƙewa ta ruɓe. Abin da na je nema a takarda, a zaure aka ba ni shi kyauta.

Wannan asarar wahala ce kawai. Babbar ta zo ne da cikar ruwa. Bakin da muka faɗaɗa ya ɗebo ruwan da rafin bai ga irinsa ba a shekaru. Ya bi ta garinmu lafiya, mutane na murna. Da ya taso ya kai gaɓa sai ya kwashe tulin kararen da muka bari, ya gangara da su. A ƙasa da iyakarmu akwai kwana mai ƙunci, kacalla kuma na nan a tsaye ba a taɓa ta ba. Nan kararen suka maƙale suka yi toshiya. Ruwa na shigowa ta sama, babu hanya ta ƙasa, sai ya hau ya fasa jingar da mutanen ƙauyen suka yi shekaru suna tattalawa, cikin dare ya kwanta a kan shinkafarsu tana daf da fitar da kai. Ya daɗe a kanta har ta ruɓe.

Kuskuren da ya biyo baya ya fi na farko muni, domin na farko da jahilci na yi shi, wannan kuwa da sanina. Da labari ya iso ni, na ce ai ruwa aka sako daga madatsun sama, kowa ya san haka ake yi duk shekara. Na ce ƙaddara ce. Na rubuta haka a zauren ƙungiya, 'yan uwa suka amince, domin babu wanda ke so a ce guminsa ne ya jawo wa wani hawaye. Magana ce mai saurin karɓuwa a yankinmu, tun da akwai shekarun da gaskiya ce. Na san a wannan karo ba ita ce ba, amma na fake da ita har tsawon watanni.

Mutanen ƙasa suka kai ƙara wurin dagaci. Aka kira mu. Wani manomi daga cikinsu, mutum mai sanyin magana, shi ya yi bayani. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwan bana a babban kogi bai kai na bara ba. Shaidar tana nan a jikin giyayyar mashaya, kowa na iya zuwa ya duba. Bara jingarmu ta riƙe, bana ta fashe." Sai ya kwance wani ɗauri ya ajiye a gaban dagaci. Kararen kacalla ne da suka zaro daga toshiyar, ga sarar adda a gindinsu, waɗansu ma da baƙin wuta. Daga nan ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ba mu ce kun yi da gangan ba. Amma da kun aiko mana, wallahi da mun fito da addunanmu an yi tare. Mu ma rafin nan ya dame mu."

Na shirya amsoshi da yawa kafin in zo, babu wadda ta iya fita. Da zagina ya yi, wataƙila da na sami abin riƙewa. Abin da ya nuna mini shi ne mutanen da na ɗauka za su kawo cikas su ne suka fi kowa buƙatar aikin, kuma tafiyar da ba ta kai rabin yini ba ce ta raba ni da sanin haka. Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ya faɗa. An ba ni shawara ban ɗauka ba. Yaran da suka yi aiki umarnina suka bi, laifin nawa ne."

Bayan kwana kaɗan baffana ya raka ni ƙauyen, muka sauka wurin bulama, aka tara masu gonaki na nemi gafararsu ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiya ta sake yin karo-karo, muka kai irin shinkafa da ɗan abin da ya samu na hatsi, muka kuma fito aka gyara jingar tare. Sun yafe, sun ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma kada in yaudari kowa: abin da muka kai bai kama ƙafar abin da suka rasa ba. Akwai wanda bashin taki ya ci, ya sayar da tumakin matarsa ya biya. Akwai wanda bai taɓa barin gida da rani ba, shekarar sai da ya tafi. Yafiya ta sauke mini nauyi a tsakanina da su, ba ta mayar wa kowa da rumbunsa ba. Na kuma koma wurin sarkin ruwa na faɗa masa zaton da na yi masa, domin shi ma haƙƙi ne. Ya ce dumbarsu ma ta fi kama kifi in rafi na gudu, don haka shi ya fi kowa son a gyara. Ko a lissafin son kai da na yi masa, ban lissafa daidai ba.

Abin da na fara fahimta shi ne iyakar gari ba iyakar ruwa ba ce. Mu mutane muka raba gonaki da gundumomi da jihohi, Jigawa nan, Yobe can. Duk abin da ka yi wa rafi a gabanka, ko toshewa ko buɗewa, wani ne zai karɓe shi a ƙasa, wani kuma zai rasa shi a wani reshen. Ruwan da muka jawo ta bakin da muka faɗaɗa, daga rabon waɗansu muka ɗebe shi, su ma ba mu tambaye su ba. Hukumomi ma sun daɗe da gane haka. A 2006 gwamnonin jihohi shida da kogin ya shafa, wato Bauci da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, sun haɗu a Damaturu suka amince da tsari guda na kula da ruwan, aka kafa asusun amana dominsa. In jihohi ba za su iya gyara kogi kowa shi kaɗai ba, ina ga ƙauye guda?

Na kuma gane cewa gayya ta gargajiya ba taron ƙarfi kawai ba ce. Da can in za a yi aikin rafi, akwai wanda ke cewa ga ranar da ta dace, akwai wanda ke cewa ga inda za a fara, akwai manzon da ake aikawa maƙwabta. Sarkin ruwa da sarkin noma da bulama da arɗon Fulani kowa na da bakin magana, saboda kowa akwai abin da ya sani wanda saura ba su sani ba. Masunci ya san zurfi da inda ruwa ke juyawa. Manomi ya san inda jinga ke da rauni. Makiyayi ya san mashaya da burtalin da bai kamata a tare da tulin ciyawa ba. Mu muka ɗauki ganga da kunu da taron samari, muka bar shawarar, alhali ita ce ke riƙe da sauran. Zaman da nake gudu don kada ya ci mana lokaci, shi ne rabin aikin.

Abu na uku ya fi wuya a faɗa wa mai aikin sa-kai. Kasancewar ba a biya ka ba, ba ta wanke ka daga abin da hannunka ya jawo. Ɗan kwangila in ya ɓata aiki ana kama shi. Mai aikin Allah kuwa kunya ake ji a tuhume shi, shi ma sai ya riƙa jin kyakkyawar niyyarsa ta isa hujja. Wannan kariya ce ta sa na yi watanni ina musu. Ladan niyya na wurin Allah, amma haƙƙin maƙwabci na nan a wuyanka har sai ka sauke.

Aikin da aka yi bayan haka ba ni na jagorance shi ba, kuma ya fi kyau. Ƙauyukan da ke kan rafin suka zauna tare a gaban dagaci. Aka fara daga wutsiya, inda rafin ke zubewa, aka yo sama, bakin kuma aka bar shi sai ƙarshe, aka daidaita faɗinsa da abin da ƙasa za ta iya ɗauka. Masunta suka shiga da kwalekwale da lauje mai doguwar ƙota suna yanka a ƙarƙashin ruwa, samari na ja da igiya suna kaiwa tudu. Aka raba rafin gaɓa-gaɓa, kowace unguwa da nata, da sharaɗin duk lokacin da kacalla ta leƙo a koma mata. Babu ganga, babu taron da zai cika ido, aiki ne na naci da ba ya ƙarewa. 'Yan bokonmu suka koma ga abin da suka fi iyawa: sayen kayan aiki da takalman roba, rubuta takarda zuwa ƙaramar hukuma, da kai waɗanda suka shiga ruwa asibiti a duba su saboda tsargiya, abin da a karon farko ko tunaninsa ban yi ba.

Ba na so a fahimci cewa hannu zai iya komai. Ƙaramin reshe irin namu jama'a na iya riƙe shi. Manyan hanyoyin ruwa kuwa sai injin yasa mai tafiya a kan ruwa, sai kuma an daidaita yadda ake sakin ruwa daga madatsu, ta yadda za a bar waɗansu wurare su bushe a lokacinsu, a kuma saki cikar da za ta wanke hanya a nata lokacin. Wannan aikin gwamnati ne da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma haƙƙin jama'a ne su riƙa tuna musu. Duk wanda ya ga yadda matasan Haɗeja suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga a ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san mutanenmu ba su da ƙyashin ƙarfinsu. Akwai kuma abin koyi a Kogin Senegal, inda kacalla ta mamaye bayan gina madatsar Diyama a 1986. Can mutanen Senegal da Muritaniya sun koyi mayar da ita gawayin girki, abin da ke sa mai yanka ya sami dalilin komawa gobe, ya kuma rage saran itace. Mu ma da abin da aka yanke zai zama kuɗi, da ba a bar shi a gaɓa ba.

Darasin bai tsaya a fadama ba. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsabtace muhalli a Kano, da duk farkon damina, za ka ga matasan unguwa sun fito sun yashe kwata, sun tsamo leda da robobi da laka sun jibge a bakin titi. In ba a tanadi motar da za ta kwashe ba, ruwan farko ne zai mayar da su, ko ya kai wa unguwar gaba. Abin da aka tura daga cikin birni Jakara ce ke ɗauka, ta haɗa da ruwan Getsi, ta kai wa masu lambu da masunta har madatsar Wasai. Su ma mutanen ƙasa ne, su ma ba a cika aika musu ba.

Don haka ga roƙona ga duk wanda Allah ya ɗora wa jagorancin irin wannan aiki. Kafin ka karɓi naira ɗaya ta karo-karo, ka bi ruwan da ƙafarka har ka wuce iyakar garinku, ka ga inda zai je in ka buɗe masa. Ka zauna da waɗanda ke ci daga gare shi, na sama da na ƙasa, ka saurare su har su gama, ko da kana ganin ka fi su karatu. Ka san inda za ka kai abin da ka tsamo tun kafin ka tsamo shi. Ka bar ruwa ya zaɓi lokacin aiki. Ka tanadi waɗanda za su koma bayan taro ya watse. In kuma duk da haka aikinka ya cuci wani, ka riga kowa zuwa wurinsa, kada ka jira a kira ka gaban dagaci kamar yadda aka kira ni. Rafukanmu na buƙatar ƙarfin matasa fiye da kowane lokaci, ba na so labarina ya sanyaya wa kowa gwiwa. Ku fita ku yi, amma ku yi tambaya tukuna. Allah ya sa abin da ya same ni ya ishi wani izina.